Kundin aikin ware feritin daga saifar shanu, Samaru, Zariya

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau Malam, mai duba aikina, ya sa hannu a kan tsarin aikin, don haka na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta abin da aka yi, da abin da ya ci na kuɗi, da abin da ya ɓaci. Abin da nake nema shi ne feritin, furotin ɗin da jiki yake adana sinadarin ƙarfe a cikinsa. Guntaye 24 ne suka haɗu suka yi ƙoƙo rufaffe, faɗinsa nanomita 12 daga waje, ramin cikinsa kuma nanomita 8, kuma a cikin wannan rami yana iya ɗaukar ƙwayoyin zarra na ƙarfe har kimanin 4,500. Vilém Laufberger ne ya fara ware shi a 1937 daga saifar doki, har yau kuma feritin ɗin saifar doki ne ake sayarwa a matsayin abin kwatance.

Ni saifar shanu na zaɓa. A saifa ne ake farfasa jajayen ƙwayoyin jini da suka tsufa, ƙarfen da ke cikinsu ya koma rumbu, kuma a dabbar da ta kamu da sammore wannan farfasawa takan wuce kima har jini ya yi ƙaranci. Burina na gaba shi ne in gwama yawan ƙarfen da ke cikin feritin na lafiyayyun shanu da na waɗanda jininsu ya ragu. Amma Malam ya ce kada in ambaci gwamawa tukuna, sai na nuna cewa zan iya fitar da furotin ɗin tsaf daga saifa guda, in auna ƙarfensa, in maimaita awon ya ba ni amsa ɗaya. Na haɗa bafa, wato ruwan sinadarin da ke hana tsamin samfuri sauyawa, ta Tris mai ma'aunin tsami (pH) 7.4, lita biyar, na tanadi bilenda da ƙyallen tata.

Laraba, 15 ga Janairu

Bayan sallar asuba na tafi kwata da kula cike da ƙanƙara. Mahaucin da aka haɗa ni da shi ya ciro mini saifar wani bajimi tun tana da ɗumi, ya ce, "Malam, in dai ta magani ce ka zaɓi mai duhu, ita ce mai jini." Na biya naira 3,500, ƙanƙara 1,000, kuɗin keke zuwa da dawowa 1,400. Da na cire fatar da ta lulluɓe ta da kitse da jijiyoyi, giram 480 ya rage. Na yayyanka, na niƙa da bafa lita ɗaya da rabi, na tace.

Matakin farko ya dogara ne ga wata ɗabi'a ta feritin, wato juriyar zafi. Idan aka ɗumama niƙaƙƙen naman zuwa digiri 70 zuwa 75 na minti goma, akasarin sauran furotin sukan daskare kamar farin ƙwai, shi kuwa ya zauna a narke cikin ruwa. Kuskurena shi ne na zuba duka lita ɗaya da rabi a tulun gilashi guda, na tsoma a tukunyar ruwan zafi, na kuma sa ma'aunin zafi a cikin ruwan tukunyar maimakon cikin niƙan. Da ma'aunin ya nuna 72 na fara ƙirgen minti goma, alhali tsakiyar tulun bai kai ko kusa da haka ba. Bayan na'urar juyi ta zaunar da lakar, ruwan saman ya fito ja jawur kamar zoɓo, alamar himogulobin, jan furotin na jini, yana nan birjik bai daskare ba. Na so in ci gaba, ina ganin matakan gaba za su raba shi, amma babban ma'aikacin ɗakin gwajin, wanda duk muke kira Baba, ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken taga ya ce, "Ɗana, kada ka ɓata gishirinka a kan wannan." Gaskiyarsa ce, domin amoniyam salfet ɗin da nake da shi, gishirin da ake zaunar da furotin da shi daga cikin ruwa, kwalba ɗaya ce ta giram 500, kuma ba za ta yi zagaye biyu ba.

Na gwada sake ɗumama rabin ruwan a ƙananan tuluna, ya yi haske sosai, amma ya riga ya yi awa biyar a kan tebur, don haka ban yarda da shi ba. Na zubar da duka.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na yi gwaji da ruwa zalla. Mililita 200 a cikin tulun gilashi, ana karkaɗawa, yakan ɗauki minti bakwai zuwa takwas kafin ya kai digiri 72 idan tukunyar tana kan 78. Daga yau ma'aunin zafi a cikin niƙan zai zauna, kuma ba zan fara ƙirge ba sai shi ya nuna.

Talata, 21 ga Janairu

Saifa ta biyu, giram 500 bayan gyara, a kan farashin da ya gabata. Wannan karon na wanke yankakken naman sau uku da ruwan gishiri mai sanyi kafin niƙa, domin a rage jinin tun daga farko. Na raba niƙan tuluna tara, ina ɗumama biyu-biyu, kowanne minti goma cif tsakanin digiri 72 da 74, daga nan kai tsaye cikin ƙanƙara. Canjin launin ana ganinsa ƙarara: a wajen digiri 60 niƙan yakan bar ja ya koma toka-toka mai duhu, ya fara dunƙulewa, warin dafaffiyar hanta ya cika ɗakin. Na tace da ƙyalle ninki huɗu, na juya minti 30 a kan ƙarfi ninki 10,000 na jan ƙasa. Ruwan saman ya fito garau, launinsa kamar na baƙin shayin da bai yi kauri ba, lita 1.2.

Nan na tsaya a kan lissafin gishiri. Domin kai ruwa rabin ƙoshinsa na amoniyam salfet, ana buƙatar giram 291 a kowace lita idan ruwan yana sanyin ƙanƙara, amma giram 313 idan yana digiri 25. Tunda a cikin ƙanƙara nake aiki, na ɗauki 291, ya kama giram 349. Na niƙa gishirin ya yi laushi, na riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan har tsawon awa guda ana motsawa, saboda idan aka antaya shi lokaci ɗaya wurin da ya faɗa yakan wuce rabin ƙoshi ya janyo furotin ɗin da ba a so. Ya kwana a firij.

Laraba, 22 ga Janairu

Lakar da ta zauna bayan juyi ja ce mai ruwan ƙasa, kamar jar ƙasar gini da ruwa ya jiƙa. Na narkar da ita a bafa mililita 25. Jakar dayalisis, wadda gishiri ke fita ta ƙofofinta furotin kuma ya tsaya a ciki, na riga na dafa ta jiya a ruwan bikabonet da EDTA domin cire ƙarafan da ke maƙale da ita, na kuma ɗauraye ta sau shida, domin shi kansa EDTA makamin ƙarfe ne, ba na son ɓurɓushinsa ya bi samfurin. Na bar sulusin jakar babu komai kafin in ɗaure, don gishirin ciki zai janyo ruwa ta kumbura.

An ɗauke wuta da la'asar ba a dawo da ita ba har na tashi. Na mayar da tulun dayalisis cikin kula na kewaye shi da ƙanƙara ta naira 1,500, na ƙara sodiyam azaid kashi 0.02 cikin ɗari a bafar don kada ƙwayoyin cuta su samu wurin yaɗuwa. Sanyin hunturu ya taimaka, da safe akwai sauran ƙanƙara.

Asabar, 25 ga Janairu

Canjin bafa na biyar. Ɗigon bariyam kuloraid a ruwan waje bai ƙara yin fari ba, wato salfet ya fita. Samfurin ya zama mililita 37. Na juya shi na cire wata laka mai duhu da ta ƙi narkewa, na ajiye ta daban domin ina kyautata zaton akwai himosidarin a ciki, wani rumbun ƙarfe na jiki da ba ya narkewa. Na barbaɗa PEG, wani sinadari mai tsotse ruwa, a bayan jakar har ruwan ya ragu zuwa mililita 10.

Talata, 28 ga Janairu

Kwalam, bututun jel da ke rarraba furotin bisa girmansu, ya lalace, kuma hannuna ne ya jawo. Jel ɗin, Sephadex G-200, na jiƙa kwana uku kamar yadda ake so, na zuba shi a bututu mai faɗin santimita 2.6 har ya kai tsawon santimita 60, ya zauna lafiya babu kumfa ko ɗaya. Yadda yake aiki shi ne ƙwayoyin jel ɗin suna da ƙananan ƙofofi, ƙananan furotin su shiga ciki su yi ta yawo su makara, manya kuma su bi ta gefe su riga fita. Feritin mai nauyin dalton (ma'aunin nauyin ƙwayar furotin) kusan 450,000 yana cikin na gaba-gaba. To amma G-200 shi ne mafi taushi a cikin danginsa, ba ya jure matsi. Da na ga bafar tana ɗiga a hankali, na ɗaga tulun da ke ciyar da kwalam ɗin na ɗora shi a kan kanta ta sama domin ya ƙara gudu. Ya ƙara gudun na kimanin minti ashirin, sannan ya fara ja baya, kafin awa guda jel ɗin ya matse ya sauka da santimita bakwai, ɗigon ya kusa tsayawa ɗungurungum.

Allah ya sa ban riga na ɗora samfurin ba. Na fitar da jel ɗin duka, na sake kaɗa shi a bafa, na bar shi ya huta, na tsiyaye ƙananan gutsattsarin da suka taso sama. Baba ya nuna mini yadda ake saita tazarar tsakanin saman ruwan tulu da bakin mafita, ya ɗaura zare a jikin ƙarfen da ke riƙe da kwalam ɗin a kan santimita 12, ya ce kada tulun ya haura zaren ko da zan kwana ina jira. Asarar kwana huɗu ke nan, ban da bafa lita biyu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na sake zuba kwalam. Shuɗin dekstiran, rinin da ake gwada kwalam da shi, ya sauka a miƙe babu karkata, ya fito a mililita 102. Gudu mililita 15 a awa.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na ɗora mililita 5 da ƙarfe tara na safe, na riƙa karɓar kaso-kaso da hannu, mililita 5 kowane minti 20, har bayan ƙarfe biyu na dare. Abin da ke da daɗi a wannan furotin shi ne ana ganinsa da ido. Wani zobe mai ruwan ƙasa ya rabu da saman jel ɗin yana sauka sannu a hankali, bayansa kuma da tazara wani zobe mai ja-ja, siriri, wanda ba ya fitowa sosai sai an sa farar takarda a bayan gilashin.

Na auna yawan hasken da kowane kaso yake sha a zangon nanomita 280 da 420. A 420 tudu biyu suka fito, babba a kaso na 23 zuwa 30, ƙarami a na 38 zuwa 44. Da farko na ɗauka na biyun ma feritin ne, watakila wanda ya rasa wasu guntayensa, har na rubuta hakan a takarda. Da safe na bi hasken kowanne daga 300 zuwa 600, bambancin ya bayyana. Na farkon ba shi da ƙololuwa ko ɗaya, yana hawa ne a hankali yayin da ake gangarawa zuwa gajeren zango, kamar yadda dunƙulen ƙarfen cikin feritin yake yi. Na biyun kuwa yana da tsini mai kaifi ɗan sama da 400, wanda shi ne tambarin him, sashen himogulobin mai riƙe ƙarfe, kuma wurin fitowarsa ya dace da himogulobin mai nauyin dalton kusan 64,500. Ashe ɗan ragowar jini ne da ya tsallake zafi da gishiri. Launi da awo a zango ɗaya ba su isa shaida ba a nan, tunda furotin biyun duk masu ƙarfe ne kuma duk suna shan haske a wuri guda. Na haɗa kaso na 23 zuwa 30 kawai, na bar na 31 da 32 duk da cewa suna da ɗan launi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Zagaye na biyu na kwalam, sakamako iri ɗaya. Fetur na janareta lita biyar.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na gudanar da jel na akirilamaid, wanda ke raba furotin layi-layi da lantarki, kashi 5 cikin ɗari, ba tare da SDS, sinadarin da ke wargaza furotin guntu-guntu, ba, domin furotin ɗin ya tafi a dunƙule. Na raba jel ɗin biyu, rabi na rina da Coomassie, rinin da ke kama kowane furotin, rabi kuma na tsoma a fotasiyam ferosayanaid da asid na haidirokulorik, kowanne kashi 2 cikin ɗari, waɗanda na gauraya a take. Wannan shi ne rinin da Max Perls ya kawo a 1867 domin gano ƙarfe a nama. Cikin minti goma layi ya fito shuɗi mai zurfi kamar rinin baba, daidai inda layin furotin yake a ɗaya rabin, da wani siririn layi a samansa wanda shi ma ya kama rini biyun, irin na feritin biyu da suka manne da juna. Babu wani layi a Coomassie da ba shi da takwara a ɓangaren ƙarfe. A jel mai SDS kuma layuka biyu suka fito kusa da juna a wajen dalton 20,000, wato guntayen H da L. H ne yake mayar da ƙarfe zuwa sifar da ake adanawa, L kuma yana taimaka wa dunƙulen ya kafu, kuma shi ya fi yawa a saifa da hanta. Ban rubuta wanne ne wanne ba, domin tafiyar layi a jel kaɗai ba ta isa a raɗa masa suna ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Yau ce ranar da ta fi tayar mini da hankali tun da na fara. Furotin na auna da hanyar Lowry, da albumin na jinin shanu a matsayin abin kwatance, saboda awo a 280 ba ya amfani a nan, ƙarfen ciki ma yana shan hasken ya kumbura adadin. Jimilla na samu miligiram 71. Ƙarfe kuma na auna da ferozin: a narkar da dunƙulen da asid, a mayar da ƙarfen sifarsa ta biyu da asid na askobik, a zuba ferozin ya yi launin shunayya, a karanta a nanomita 562.

Kwalabe ukun da na yi daga samfuri ɗaya sun ƙi daidaita, ɗaya ta kusa ninka wata, kuma kwalbar fanko da babu samfuri a cikinta ita ma ta yi ɗan shunayya. Da na ɗauki matsakaici, ya ba ni miligiram 0.62 na ƙarfe a kowane miligiram na furotin. Idan aka ninka da 450,000 aka raba da 55.85, nauyin zarrar ƙarfe, sai ya kama ƙwayoyin zarra kusan 5,000 a cikin kowane feritin. Wannan ya zarce abin da ramin zai iya ɗauka, domin ko a cike yake maƙil rabon ba zai wuce kimanin 0.56 ba, kuma feritin ɗin da aka ciro daga jiki ba kasafai yake kusantar cika ba. Da adadin ya faɗo a 3,000 da na karɓe shi da murna na kai wa Malam, kuma wannan shi ya fi damuna a cikin al'amarin.

Na bi sawun abin har yamma. Kwalaben gwajin na wanke su ne da ruwan famfo, wanda yake saukowa daga tankin ƙarfe, na ɗauraye sau ɗaya kawai da tataccen ruwa, na jera su baki sama a kusa da taga su bushe. Kwana biyu suka yi a can cikin ƙurar hunturu. Na shafa farar auduga a kan teburin, ta fito da jar ƙura, na jiƙa ta a asid na ɗiga ferozin, nan take ta rine. Ga shi kuma na tsinka samfurin ninki 500 kafin awo, saboda haka duk ɗan ƙarfen da ya shigo daga kwalba ko ƙura, lissafi ya ninka shi sau 500 ya ɗora wa furotin ɗin. Cire adadin fanko bai gyara ba, tunda ƙurar ba ta sauka daidai wa daida a kowace kwalba ba.

Na kai wa Malam takardar yadda take, na ce, "Ranka ya daɗe, awon ƙarfen bai inganta ba, ga dalili." Ya karanta ya ce a bar shafin a cikin kundi kada a yage, a ja masa layi kawai.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Duk gilashin da zai taɓa awon ƙarfe ya shiga asid na naitirik kashi 10 cikin ɗari, zai kwana. Na sayi kwalaben roba masu murfi guda 100 a kan naira 9,000, da tataccen ruwa marar ƙarafa lita 10 a kan 7,500. Na toshe tagar da tsumma mai laima, na daina amfani da cokalin ƙarfe wajen ɗiban sinadarai.

Talata, 18 ga Fabrairu

Na sake haɗa duk ruwayen awon daga farko da sabon ruwa, a cikin roba. Fanko ya fito kusan babu launi. Na rage tsinkawar zuwa ninki 100 da 200, kowanne kwalabe uku, kuma duka shidan suka zo kusa da juna, tsakanin 0.16 da 0.18. Matsakaicin 0.17 yana nufin ƙwayoyin zarra kusan 1,400 a kowane feritin, wato ramin bai kai sulusin cika ba. Na kuma ƙara sanannen adadin ƙarfe a kan wani kaso na samfurin domin in ga ko awon zai dawo mini da shi, ya dawo da kashi 96 cikin ɗari. Na maimaita washegari da sabon layin kwatance, ya ba da 0.17.

Wannan adadi na saifar bajimi ɗaya ne, kuma ya dogara ga albumin a matsayin abin kwatance, don haka a rahoto zan rubuta shi tare da wannan sharaɗi.

Talata, 25 ga Fabrairu

Lissafin kuɗi zuwa yau: saifa biyu da ƙanƙara da sufuri naira 13,300, amoniyam salfet 38,000, fetur 15,000, roba da ruwa 16,500, jimilla 82,800. Sephadex da ferozin da kayan jel daga ma'ajiyar sashe suka fito. Gishirin da ya rage giram 151 ne, ba zai isa wata saifa ba, saboda haka a zagaye na gaba zan rage nama zuwa giram 200, wanda ya wadatar tunda miligiram 20 ma ya ishi duk awon da nake yi.

Azumi ya ƙarato, don haka na tsara ayyukan da ba sa buƙatar kwana a gaban kwalam. Zan fara da fitar da ƙarfen daga miligiram 20 ta hanyar dayalisis a asid na tayogilaikolik cikin bafar asitet mai pH kusan 5, har launin ya gushe, domin in samu ƙoƙon furotin zalla in mayar da shi abin kwatance maimakon albumin. Zan aika kaso biyu a auna ƙarfensu da na'urar da ke ƙona samfuri a harshen wuta tana karantawa a nanomita 248.3, in ga ko za ta yarda da ferozin. Malam ya amince in gwada fitar da kiristal da kadmiyam salfet kamar yadda Laufberger ya yi, amma da miligiram 5 kawai, da safar hannu, da kwalbar shara ta daban, saboda kadmiyam guba ne mai taruwa a ƙoda. Na kuma yi magana da likitan dabbobin da ke duba yanka a kwata, ya yarda bayan salla ya riƙa ɗibar mini jinin kowace dabba a kwalba mai lamba ɗaya da ta saifarta, domin in san matsayin jininta kafin in niƙa. Sauran feritin ɗin, miligiram 58 bayan abin da gwaje-gwaje suka ci, yana firij a kwalaben roba huɗu da azaid, ban sa shi a firiza ba.